Hutun da Aka Hana Kaka Amsa Sallama

Duk shekara in babban hutu ya kama, 'ya'yana sai su sa ni gaba: "Mama, bana ina za mu?" Ni kuwa amsata ɗaya ce, Garwa za mu. Sai su yi tsaki a ciki-ciki, don sun san Garwar tawa ba ta wuce bayan kicin ba. Duk da haka su ne za su riga ni ɗauko kwalin sukari su yanka tikiti, a shimfiɗa tabarma, a hura gawayi. Maƙwabta suna cewa dabarar mai tsimi ce. To, tsimin akwai shi, ban musa ba, kuɗin jirgin mutum biyar ba wasa ba ne. Amma ba ni na ƙirƙiro wannan tafiyar ba. Gadonta na yi daga kakata.

Ina da shekara goma sha ɗaya lokacin. Muna haya a Sotega, wata unguwa a Libreville, gidan katako mai rufin kwano, ɗaki biyu da falo, da ɗan kicin na kwano a baya. Babanmu mutumin Garwa ne, yana da rumfar atamfa a kasuwa. Ni ce babba, sai ƙanena Sani mai shekara takwas, sai Hadiza da ke goye. Sunan Kaka aka sa mini, shi ya sa duk gidan ake ce mini Ummi. Ita kaɗai ke kirana Takwara.

Kaka mahaifiyar Baba ce. Wankan jegon Hadiza ya kawo ta Libreville, da takardar wata uku. Kafin wata ukun su cika aka karya darajar sefa. Baba ya kan ce mun kwanta da kuɗi mun tashi da rabinsu. Kuɗin jirgi ya haye sama, kuɗin katin zama ma haka, aka ce Kaka ta ɗan jira abubuwa su lafa. Wata uku ya zama shekara da ɗoriya. Ana cikin jiran sai aka fara kama baƙi marasa takarda. Motoci masu rufin tamfol suna shiga unguwa-unguwa, wanda aka samu ba kati a loda shi, a kai shi wani sansani kusa da tashar jiragen ruwa, ya yi kwanaki a ƙasa kafin a cusa shi a jirgi. Baba da Mama suna da kati. Mu yara a nan aka haife mu. Kaka kuwa ba ta da komai sai gwiwoyi biyu masu ciwo da sanda. Baba ya rantse in aka kai ta sansanin nan gawarta za a ba shi.

Shi ne ya shirya mata tafiyar ƙarya. Ranar wata Lahadi da safe, daidai lokacin da unguwa ke fitowa zuwa coci don kowa ya gani, Mama ta lulluɓa da babban mayafin Kaka, ta ranƙwafa, Baba ya kama hannunta ya sa ta a taksi da ƙatuwar jaka. Aka ce mu yi kuka. Sani ya zarce da abin har yana birgima a ƙasa, sai da na mintsine shi. Da la'asar Mama ta dawo cikin kayanta da kwandon cefane kamar daga kasuwa take. Kaka kuma tana ɗakin ciki, a bayan labule.

Baba ya kafa mata doka uku. Ba daka, don duk Sotega an san lugudenta. Ba zama a ƙofar gida. Ta ukun ita ce ta fi mata ciwo: ba amsa sallama. An ce masu kontrol, wato masu binciken takardu, sun gano lagonmu. Sai su tsaya a ƙofar gidan Musulmi su rangaɗa sallama, wanda ke ɓoye ya amsa ba tare da ya sani ba, don bakinsa ya saba.

"Yau ni za a hana amsa sallama?" in ji Kaka. "Hakkin mai sallama fa? Kai wannan yaron, ka san abin da kake faɗa?" Ɗan fari ne, ba ta taɓa kama sunansa ba.

"Inna, na ɗauki zunubin," in ji Baba. "Ki bar shi a wuyana."

Mu ma dokar ta shafe mu. Hutun lekol, wato makaranta, ya zo, wata uku cur, kuma shekarar ce ya kamata mu je gida Garwa. Ba zuwa Garwa, ba zuwa bakin teku ranar Lahadi, ba ma zuwa gidan ƙawaye, don Baba bai yarda da bakin Sani ba. Gaskiyarsa ne, bakin yaron nan ba ya riƙe ko ruwa. Kwana huɗu muka yi muna faɗa da juna kamar kaji a akurki, Mama na rabo tana zagi. Rana ta biyar Kaka ta kira mu ta ce, "Ku haɗa kaya. Gobe za mu Garwa."

Na dube ta sheƙeƙe. "Da wane kuɗin?"

"Takwara, ke dai akwai baƙin ciki. Da na bakina."

Haka tafiyar ta fara. Da rana aikinmu shiri ne. Muka yanka tikiti da kwalin sukari, na rubuta sunayen garuruwa da biro. Muka huda gwangwanayen sadin muka ɗaure da zare, suka zama jirgin ƙasa. Tsohon zanen Mama a kan kujeru biyu shi ne mota. Kuɗin mota kuma aiki ne: wanda bai yi shara ko wanke-wanke ba, ba shi da kujera. In an yi magariba sai mu shiga kicin ɗin baya, a hura murhun gawayi, don rani ne na can, sama a rufe kullum ba ruwa, da ɗan sanyi da yamma. Baba ya kunna rediyo ya ajiye a taga don ya danne muryar Kaka. Ita kuma ta zauna a kujera 'yar tsugunno, ta miƙe ƙafar da ta fi ciwo wajen wuta.

"Kowa ya hau?"

"Mun hau!"

"To ga ta nan tafe a kan hanya."

"Ta iso mu matsa mata."

Kowane gari sai mu kwana biyu ko uku a cikinsa, don Kaka ba ta son a ƙare hanya hutu bai ƙare ba. Kowane gari da abincinsa da tatsuniyarsa. A Bitam muka gasa ayaba. A kan iyaka Sani ya gitta sandar Kaka a ƙofar kicin, ya zama ɗan kontrol, ya murtuke fuska ya ce wa Kaka, "Tsohuwa, takarda!" Ta miƙa masa gyaɗa uku ya ɗage sandar. Kowa ya yi dariya ban da Baba. A Yawunde muka ci gasasshiyar masara. A cikin jirgin ƙasa dafaffen ƙwai ɗaya aka raba huɗu, muna jijjiga jiki wai jirgi na tafiya, Hadiza na ta ƙyalƙyala dariya ba ta san dalili ba. Wallahi ban taɓa yin hutu mai daɗinsa ba, kuma ban taɓa yin mai tsoronsa ba.

Tsoron nawa yana da suna: Madam Odet. Ita ce mai gidan da muke haya, bazawara 'yar ƙasa, gidanta na jikin namu, kwano ɗaya ya raba tsakar gidanta ta baya da kicin ɗinmu. Tana da ɗa, Firmen, mai sa kaki. Ban san ko jandarma ne ko ɗan sanda ba, a wurinmu kaki kaki ne. Kafin wannan fitina ita da Kaka ƙawaye ne na ban mamaki. Kaka ba ta jin Faransanci, ita ba ta jin Hausa, amma sai su yi awa guda a kan benci suna tsinke ganyen rogo suna hira da hannu, in ta cije a kira ni tafinta. Mami take ce wa Kaka. Kaka ce ma ta koya mata sallama, da yadda ake yin ta: sau uku, a ja da baya daga ƙofa, in ba a amsa ba a juya.

Tun da aka yi tafiyar ƙaryar nan na sa mata ido. In ta gan ni a famfo sai ta ce, "Mami ta isa lafiya?" tana magana idonta na kan igiyar shanyarmu. Wata rana ta miƙo mini kwalbar man zafi ta kan kwano, wai in ba Mama ko tana ciwon gwiwa. Mama da ko talatin da biyar ba ta kai ba, wane ciwon gwiwa? Na kai wa Baba a guje. Ya juya kwalbar ya ce, "Gwada mu take. A jefar." Ban jefar ba, Kaka ta ƙwace, ta riƙa shafawa a ɓoye, duk ɗakin ciki yana ƙamshinsa.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne silifas. Akwai ɗan gibi a ƙasan kwanon kicin. Wata yamma muna cikin jirgin ƙasa na sunkuya ɗaukar ɓawon ƙwai, sai na ga silifas kore guda biyu a ɗaya gefen, da ƙafa a ciki. Washegari ma suna nan. Jibi ma haka. Da an ce "Kowa ya hau?" sai su bayyana, da an tashi su ɓace. Na gaya wa Baba, ya ƙara muryar rediyo, ya ce Kaka ta riƙa raɗa. Na gaya wa Kaka, ta ce, "Ƙafa ce, Takwara. Ƙafa ba ta da kunne."

"Mai ƙafar fa?"

"Ke dai ubanki kika biyo. Ko inuwarku ba ku yarda da ita ba."

Daren da muka sauka Ngaundare, Mama ta dama madarar gari ta bar ta ta yi tsami, muka sha da sunan kindirmo. Ranar Baba yana zaune a bakin ƙofar kicin yana jan carbi. Kaka ta dube shi ta gefen ido, ta gyara zama, ta kawo wata tatsuniya da ban taɓa jin ta ba.

Wai akwai wani gari na masu rami a bakin kogi: gafiya, zomo, kurege, da wata tsohuwar bushiya da jikokinta. Aka yi shekarar yunwa, kura ta rasa abin ci, sai ta koyi sallama. Ta zo bakin rami ta sassauta murya ta yi sallama, duk wanda ya amsa ta san da mutum a ciki, ta tone shi ta cinye. Da abin ya yi yawa, masu rami suka taru suka yi doka: daga yau ba mai amsa sallama, ko ta uwarsa ce. Dabarar ta ci. Kura ta yi ta sallama ba amsa, yunwa ta kore ta, ta bar ƙasar. Amma ba wanda ya san ta tafi, don ba mai leƙowa. Gari ya ci gaba da shiru.

Ran nan aka yi ruwa a can sama, kogi ya cika ya taho. Tsattsewa ta gani daga sama, ta sauko a guje ta bi ramuka tana sallama don ta gaya musu. Ramin gafiya, shiru. Ramin zomo, shiru. Na kurege, shiru. Ta ce ashe ma sun tashi, ni nake wahalar da kaina. Saura rami ɗaya, ta ce bari dai in cika. Ta yi ta farko, ta yi ta biyu, ta yi ta uku. Tsohuwar bushiya, da ta shekara saba'in tana amsa sallama, bakinta ya riga hankalinta. Ta amsa. Ita da jikokinta kaɗai suka hau tudu kafin ruwa ya iso.

"Nan mota ta tsaya," in ji Kaka, "kowa ya sauka da kayansa. Wanda ya ga ƙarya a ciki ya ɗauka, tsarabarsa ce."

Ni ban gamsu ba. Na ce, "Kaka, in da kura ce fa?"

"Da ta cinye ta."

"To ina amfanin labarin?"

"Oho. Ni dai abin da na sani, kura ta koyi sallama amma ba ta koyi jira ba. Tana sallama tana tono. Mai sallamar gaskiya ja da baya yake yi."

Baba ya tsayar da carbinsa. "Inna, wannan tatsuniyar da ni kike."

"Ka ji an ambaci mai atamfa a ciki?"

Ya tashi ya shiga ɗaki. Na sunkuya na leƙa ƙasan kwano, silifas ɗin suna nan.

Bayan kwana uku ranar isa Garwa ta zo. Tun safe muke rawar kai. Mun shimfiɗa shuɗin zane a tsakar falo ya zama kogin Binuwai, benci ya zama gada. Kaka ta ce ba a shiga Garwa ba kifi, don haka bayan azahar Mama ta goya Hadiza ta tafi nemo kifi mai araha. Baba yana kasuwa. Daga ni sai Sani sai Kaka a ɗakin ciki tana gyangyaɗi a kan sallaya.

Sai muka ji sallama a ƙofa, da wannan karkataccen harshen da ba mai yin sa sai mutum ɗaya. Na leƙa ta tsagin katako. Madam Odet ce, da silifas kore. A bayanta can bakin hanya ga Firmen cikin kakinsa, yana duban ƙasan layi. Na ruga ɗakin ciki na tarar Kaka ta farka, bakinta har ya buɗe. Na sa tafin hannuna na rufe shi. Ni, 'yar shekara goma sha ɗaya, na rufe bakin kakata, har yau in na tuna sai na ji kunya.

Madam Odet ta yi sallama ta biyu. Kaka ta kama hannuna ta cire a hankali, ta riƙe shi gam. Ta yi mini raɗa, "Sani ya duba. Tana ina?"

Sani ya leƙa ya dawo. "Ta matsa baya. Tana wajen tukunyar fure."

Ta yi ta uku.

"Amin wa alaikumus salam!" in ji Kaka, da muryar da ta yi wata biyu a ɗaure. Na tabbata har famfo an ji ta.

Na fashe da kuka. Na ce shi ke nan, ta kashe kanta ta kashe mu. Madam Odet ta turo ƙofa ta shigo da sauri, ba ta ko nuna mamaki ba. Ta kama kafaɗata ta ce da Faransanci, "Bar kukan nan, ki fassara. Masu kontrol sun rufe layi ta sama da ƙasa, gida-gida suke bi, sun kai wajen famfo. Ki ce wa Mami ta zo ɗakina ta baya. Na cire kwano ɗaya."

Na juya na ce wa Kaka da Hausa, "Wai ki bi ta gidanta. Kada ki je, Kaka. Tarko ne. Ga ɗanta can da kaki yana jira. Ita ce mai laɓe kullum."

Kaka ta dubi fuskata, ta dubi ta Madam Odet. Ta miƙa mata hannu ta ce, "Tashe ni." Ko sandarta ba ta ɗauka ba. Na bi su har kicin, na ga an zare kwanon nan mai gibi, Kaka ta sunkuya da ƙyar ta wuce tana dafe da kafaɗar matar da na tsana. Aka mayar da kwano. Na tsaya ina kallonsa, a raina ina cewa na ga kakata gani na ƙarshe.

Ba a yi minti goma ba suka iso. Su biyu ne. Na gaban ya yi sallama, sallama mai kyau ma, ta fi ta Madam Odet daidai, amma yana yin ta ƙafarsa na tsakiyar falonmu. Ban amsa ba, Allah ya yafe mini. Na ciro musu ledar da Baba ya rataye a bayan ƙofa, mai kwafin katinsa da na Mama da takardun haihuwarmu. A nan kam tsantsenin Baba ya yi rana. Ɗaya yana dubawa, ɗaya ya shiga ɗakuna, ya ɗaga labule, ya leƙa ƙarƙashin gado. Sai ya fito da sandar Kaka.

"Wannan ta wace ce?"

Sani, wannan mai bakin da ba ya riƙe ruwa, shi ya karɓe sandar ya gitta ta a ƙofa ya ce, "Shingen kan iyaka ne. Ba a wucewa sai da tikiti." Ya nuna masa kwalin sukari da jirgin gwangwani da kogin zane. Mutumin ya dubi ɗan'uwansa ya yi dariya, ya tsallake sandar suka fita. Na leƙa na ga sun wuce ƙofar Madam Odet. Firmen na zaune a kan benci cikin kakinsa yana goge takalmi, suka ɗaga masa hannu kawai. Sai daga baya na ji ashe mai gadin wani sito ne a tashar jirgin ruwa, uwarsa ce ta sa shi ya saka kakin ranar hutunsa.

Da motocin suka bar unguwa na bi ta kwanon na shiga. Na tarar da Kaka a kan gadon Madam Odet, an lulluɓe ta da bargo har wuya, an ɗaura mata ɗankwali irin nasu, suna cin gyaɗa. Na tsaya a ƙofa, kunya da fushi sun haɗe mini. Na ce wa Madam Odet, "Tun yaushe kika sani?"

"Tun ranar taksi. Mami da ƙafar hagu take ɗingishi. Wadda ta shiga mota da dama ta yi."

"To me kike yi a bayan kwanonmu kullum?"

"Gidana ba yara. In kuna dariya sai in zo in zauna. Ba na jin ko kalma ɗaya." Sai ta ƙara da cewa, "Ni ma tsoro nake ji, yarinya. Mai gidan da aka samu ya ɓoye baƙo ba ya kwana lafiya. Na ce zan yi yadda ta koya mini, sau uku. In ba ta amsa ba, ba su yarda da ni ba ke nan, in koma ɗakina in ce ban ga komai ba."

Kaka ta ce in fassara mata. Na fassara, wannan karon ban ƙara ko kalma ba.

Da ma a nan labarin ya tsaya. Baba ya dawo da magariba, aka gaya masa, fuskarsa ta yi fari fat. Ya je ya yi wa Madam Odet godiya da baki mai daɗi, har da turmin atamfa. Da ya dawo ya rufe ƙofa ya ce wa Mama, "Yanzu muna tafin hannunta. Yau ta rufa, gobe in mun saɓa fa? Ɗanta fa, in ya sha ya yi magana?" Aka soya kifin aka ci shiru. Ba wanda ya ce kowa ya hau. Zanen kogin ya kwana a falo, da safe Mama ta naɗe shi.

Kwana tara bayan haka, ranar Lahadi, Madam Odet na coci, motar wani abokin Baba ta zo ta kwashe mu zuwa unguwar Alibandeng. Baba ya bar mabuɗi da kuɗin wata a kan tebur. Kaka ta roƙe shi ya bari a taso daga coci ta yi mata ban kwana, ko da daga cikin mota ne. Ya ce, "Inna, ki yi haƙuri." A sabon gidan Sani ya yi ta naci a ƙarasa tafiya, saura gada kawai. Ta ce gwiwarta na ciwo. Ba mu taɓa isa Garwa ba a wannan hutun.

Ita ta isa, ta gaske, shekarar da ta biyo baya, da takardar wucewa da Baba ya samo mata da ƙyar. A can ta rasu.

Na daɗe ina jin haushin Baba, amma da na girma na rage. Kura gaskiya ce, na gan ta da idona a tsakiyar falonmu. Mutane nawa aka loda a motocin nan saboda maƙwabcin da suka yarda da shi? Tsoronsa ne ya rataye ledar nan a bayan ƙofa. Kuma ni wace ce da zan yi masa gori, ni da na rufe bakin Kaka da hannuna? Har yau halin yana nan. In aka ƙwanƙwasa sai na leƙa ta taga, in sabuwar maƙwabciya ta cika tambaya sai in fara kaffa-kaffa da ita. Abin da na ɗauka daga tatsuniyar bushiya ba wai a yarda da kowa ba ne, Kaka ba ta taɓa faɗin haka ba. In 'yata ta tambaye ni, "Mama, in da kura ce fa?" abin da aka gaya mini nake gaya mata: da ta cinye ta. Abin da ya dame ni da na girma shi ne tsattsewa. Ba wanda ya taɓa tambayar yadda ta ji da ta bi ramukan nan ana jin ta ana shiru. Tamu tsattsewar ma har ta cece mu, sannan muka yi mata shirun.

Sai da na yi aure na haifi ɗiyata ta fari na samu ƙarfin halin komawa Sotega. Na sayi man zafi kwalba biyu, don na lissafa ita ma gwiwarta ta isa ciwo. Layin ya canza, an yi gidajen bulo, amma nata yana nan da katakonsa, tukunyar furen ma tana nan, ba fure. Wata mai sayar da burodi a gefe ta ce mini tsohuwar ta koma ƙauyensu tun tuni, wasu sun ce ta rasu, ita dai ba ta da tabbas. Na ce na ji, na gode.

Duk da haka na je ƙofar. Na yi sallama. Na sake yi. Na ja da baya har wajen tukunyar fure, na yi ta uku, na tsaya da kwalabe biyu a hannu. Mai burodi tana ta kallona. Na san ƙa'ida, in an yi uku ba a amsa ba juyawa ake yi. Na daɗe ban juya ba.